Me Ya Sa Ake Yi Wa Marasa Lafiya Ƙarin Ruwan Gulukos A Asibiti?

TAMBAYA: Wannan tambaya ta zo mana ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa ta Jihar Katsina. Ya ce kwanakin baya an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, aka yi kwana uku ana ɗaura mata ruwa leda bayan leda, da ya tambaya sai aka ce masa ruwan gulukos ne. Shi ne yake so a ba shi tarihin ƙarin ruwa, wane ne ya fara shi, kuma mene ne amfanin suga a jikin mara lafiya. Ya ƙara da cewa, wai shin gaskiya ne leda guda ta fi malmalar tuwo ƙara ƙarfi?

AMSA: To Malam, da farko dai muna yi wa Hajiya sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Tambayar nan taka mutane da dama suna da ita a zuci, domin da wuya ka sami gidan da ba a taɓa yi wa wani nasu ƙarin ruwa ba. Saboda haka sai ka gyara zama, don labarin yana da ɗan tsawo.

Bari mu fara da jikin ɗan Adam. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin babban mutum ruwa ne. Ruwan nan kuwa akwai gishiri a cikinsa, shi ya sa in gumi ko hawaye ya shiga bakinka kake jin ɗanɗanon gishiri. Jinin da ke zagaya jikin babban mutum kimanin lita 5 ne. Idan amai ko gudawa ko zubar jini ya kwashe ruwan jiki, sai jinin ya ragu, zuciya ta rasa isasshen abin da za ta tura, ƙoda ta daina yin fitsari, mutum ya galabaita. Mai lafiya in ya ji ƙishirwa sai ya ɗauki moɗa ya sha. To wanda ya suma fa, ko wanda duk abin da ya haɗiya sai ya dawo? Dole a nemi wata ƙofar, ƙofar kuwa ita ce jijiya.

Kafin a yi tunanin zuba wani abu a jijiya, sai da aka fara sanin cewa jini zagayawa yake yi. Tun cikin ƙarni na 13, wani likita Musulmi mai suna Ibn Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ta ƙasar Masar, ya bayyana yadda jini ke tashi daga zuciya ya bi ta huhu ya komo. A shekarar 1628 kuma wani likitan Ingila, William Harvey, ya buga littafin da ya nuna yadda zuciya ke tura jini ya zagaye jiki duka ya dawo mata. Daga nan sai masana suka ce, ashe ke nan abin da aka zuba a jijiyar hannu zai kai ko'ina a jiki.

Wanda ya fara gwadawa shi ne Christopher Wren, a garin Oxford, a shekarar 1656. Mutumin nan daga baya da zanen gine-gine ya yi suna, amma a lokacin yana matashi mai son gwaje-gwaje. Babu sirinji mai allura a zamanin, sai ya sami bututun gashin dinya ya fiƙe bakinsa, ya ɗaura masa mafitsarar dabba, ya riƙa matsa giya da maganin sa barci a jijiyar karnuka. Karnukan suka bugu, suka yi barci, aka tabbata lalle hanyar tana aiki. Sai dai da wasu suka gwada irin wannan a kan mutane, har da masu zuba wa mutum jinin tunkiya a Faransa a 1667, an yi asarar rai, hukuma ta hana, maganar ta kwanta fiye da shekara 150.

Abin da ya tayar da ita annoba ce. A shekarar 1817 cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta ɓarke a yankin Bengal na ƙasar Indiya, ta riƙa bin hanyoyin fatake da jiragen ruwa. A ƙarshen 1831 ta sauka a garin Sunderland na Ingila. Likitocin lokacin ba su san kanta ba. Mutum yana zubar da ruwa ta sama da ƙasa, su kuma sai su tsaga masa jijiya su zubar da jini, su ƙara masa da maganin wankin ciki. Ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ana cikin haka sai wani saurayin likita ɗan ƙasar Ailan, William O'Shaughnessy, mai shekara 22 da haihuwa, ya tafi inda annobar take, ya ɗebi jinin masu cutar ya auna. Ya tarar jinin ya yi kauri ya yi baƙi, ruwansa ya ragu ƙwarai, gishirinsa ma ya tafi, abin da jinin ya rasa kuwa ga shi nan a cikin gudawar. Sai ya rubuta a mujallar likitoci mai suna Lancet cewa maganin shi ne a mayar wa jini abin da ya rasa, in ta kama ma a zuba ta jijiya.

Wani likita mai suna Thomas Latta, a garin Leith kusa da Edinbara ta ƙasar Sikotland, ya karanta wannan bayani. A watan Mayu na 1832 ya gwada a kan wata tsohuwa wadda an riga an fid da rai da ita. Idanunta sun faɗa, jikinta ya yi sanyi, ba a jin bugun jijiyarta. Ya haɗa ruwan ɗumi da gishiri da 'yar soda, ya sa bututu a jijiyar hannunta, ya riƙa turawa kaɗan kaɗan. Cikin kamar rabin sa'a ya zuba mata fiye da lita 3. Sai ga bugun jijiya ya dawo, fuska ta ciko, tsohuwa ta buɗe baki ta yi magana. Latta ya gaji, ya bar ta a hannun wani likita ya tafi ya huta. Bayan tafiyarsa amai da gudawar suka dawo, ba a aika masa ba, cikin 'yan sa'o'i rai ya yi halinsa. Darasin da aka koya a nan shi ne, muddin ruwa yana fita, sai an ci gaba da mayarwa. Ka ji dalilin leda bayan leda ke nan, Malam.

Latta ya ci gaba da yi wa wasu, waɗansu suka tashi, da yawa kuma suka mutu, domin sai mutum ya kai gargara ake kiransa, kana ruwan da ake zubawa ba dafaffe ba ne, tun da a lokacin ba wanda ya san da ƙwayoyin cuta. Annobar ta lafa, shi kansa Latta ya rasu a 1833, aka manta da aikinsa kusan shekara 50.

Abubuwan da suka rage a warware su ne kayan aiki da tsabta da kuma ma'auni, kowanne kuwa sai da ya ci shekaru. A 1853 Alexander Wood a Edinbara da Charles Pravaz a Faransa suka fito da sirinji mai allura mai rami. Cikin shekarun 1860 Louis Pasteur ya nuna cewa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani masu ruɓar da abubuwa, sa'an nan a 1867 Joseph Lister ya nuna cewa in an kashe su a wurin tiyata, ciwo ba ya ruɓewa. Tun daga nan aka san dole a dafa ruwa da allura kafin su taɓa jijiya.

Maganar ma'auni kuwa akwai abin dariya a ciki. Wani likita a Landan, Sydney Ringer, yana gwaji da zuciyar kwaɗo a wajen 1882. Yakan cire zuciyar ya sa ta cikin ruwan gishiri ya ga tsawon lokacin da za ta yi tana bugawa. Ya sami sakamako mai kyau, daga baya sai ya gano ashe yaron ɗakin gwajinsa ruwan famfo yake ɗebo masa maimakon tataccen ruwa. Da aka sake gwajin da tataccen ruwa sai zuciyar ta tsaya da wuri. Da ya bincika sai ya tarar ruwan famfon yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, irin wanda ke cikin ƙashi, kuma zuciya ba ta bugawa sai da shi. Kuskuren yaron nan shi ya haifar da haɗin da har yau ake kira ruwan Ringer. A 1932 wani likitan yara a Amurka, Alexis Hartmann, ya ƙara gyara haɗin, kuma shi ne aka fi ɗaura wa masu kwalara a yau. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 kuma wani masani ɗan ƙasar Holan, Hartog Hamburger, ya nuna cewa giram 9 na gishiri cikin lita guda shi ne ya yi daidai da jinin mutum. Wannan shi ne ruwan gishirin asibiti da aka sani.

Yanzu sai mu zo kan suga, wanda shi ne gundarin tambayarka. Gulukos wani nau'in suga ne, kuma shi ne makamashin jiki, kamar yadda fetur yake ga mota. Tuwo, shinkafa, fura, rogo, dankali, duk in sun shiga ciki hanji yana narka su ya mai da su gulukos, sa'an nan jini ya kwasa ya rarraba. Sugan da muke sa wa shayi ɗan'uwansa ne, amma sai hanji ya fasa shi tukuna jiki ke iya amfani da shi, shi ya sa ba a zuba shi a jijiya. Gulukos kuwa a shirye yake. A 1857 wani masanin Faransa, Claude Bernard, ya gano cewa hanta rumbu ce, tana ajiye suga ta riƙa sakinsa cikin jini in mutum bai ci abinci ba. Sai dai rumbun ƙarami ne, abin da ke ciki bai fi na yini da kwana ba.

A 1896 wasu likitoci biyu, Biedl da Kraus, suka zuba wa mutane gulukos ta jijiya. A 1915 wani likita a Cikago mai suna Woodyatt ya yi amfani da na'ura ya auna yawan gulukos ɗin da jiki ke iya karɓa a kowace sa'a ba tare da ya zube cikin fitsari ba. A 1924 kuma likitan tiyata Rudolph Matas na Amurka ya bayyana hanyar barin ruwa ya riƙa ɗiga ɗis ɗis na tsawon sa'o'i, wato irin yadda ka gani a gefen gadon Hajiya. Da sauran matsala guda: sau da yawa in an yi ƙarin ruwa sai mara lafiya ya kama rawar ɗari da zazzaɓi, ko da an dafa ruwan. Wata masaniya Ba'amurkiya, Florence Seibert, ita ta gano a 1923 cewa gubar da ƙwayoyin cuta ke bari a cikin ruwa ce ke jawo haka, ta kuma fito da hanyar tace ruwan yadda gubar ba za ta bi shi ba. Cikin shekarun 1930 kamfanoni suka fara haɗa ruwan a kwalabe suna sayar wa asibitoci, Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yaɗa shi, daga shekarun 1970 kuma leda ta fara maye gurbin kwalba. Dattawanmu za su iya tuna lokacin da kwalba ake ratayewa.

To me ya sa likita zai zaɓi mai suga? Dalili na farko zai ba ka mamaki: sau da yawa ruwan ake so, sugan ɗan rakiya ne. Ba a zuba zallan ruwa a jijiya, domin jajayen ƙwayoyin jini za su zuƙe shi su kumbura su fashe. In aka sa gulukos giram 50 cikin lita guda, wato kashi 5 cikin 100, sai haɗin ya yi daidai da jini ya shiga lafiya. Jiki ya ƙone sugan, ruwan ya saura.

Dalili na biyu shi ne ƙwaƙwalwa. Duk sugan da ke yawo cikin jinin babban mutum a lokaci guda bai wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, alhali ƙwaƙwalwa kaɗai tana cin kimanin giram 120 a yini, kuma ba ta da rumbun kanta. In sugan jini ya faɗi ƙwarai, sai mutum ya yi gumi, ya rikice, ya yi jijjiga, ya suma, in ba a yi hanzari ba ƙwaƙwalwa ta lalace. Wannan yakan sami yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da jariran da aka haifa ba su kai ba, da yara masu tamowa, da mai ciwon suga da allurarsa ta yi masa yawa ko ya sha magani bai ci abinci ba. A irin wannan hali akan ba da gulukos mai ƙarfi, kuma wani lokaci kana tsaye za ka ga wanda ya suma ya buɗe ido. A shekarun da kwinin ne babban maganin zazzaɓi mai tsanani, cikin ruwan gulukos ake zuba shi, saboda kwinin kansa yana kayar da sugan jini. Yanzu allurar atesunet ce aka fi amfani da ita.

Dalili na uku, wanda aka hana shi ci saboda tiyata, ko wanda ba ya iya haɗiya, in ya kwana biyu haka jikinsa zai fara cin naman kansa. Cikin shekarun 1940 wani likitan Amurka, James Gamble, ya nuna cewa giram 100 na gulukos a yini yana rage wannan ɓarna da kusan rabi. Na huɗu kuma, akwai magungunan da ba a tura su gaba ɗaya, sai a zuba su cikin leda su riƙa shiga a hankali. Ruwan a nan abin hawa ne kawai.

Sai batun malmalar tuwo. Malam, bari mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Ledar da aka saba gani rabin lita ce, gulukos ɗin da ke cikinta giram 25 ne, wato kamar ƙananan cokula shida. A ma'aunin kuzari da ake kira kalori, wannan bai wuce 100 ba, babban mutum kuwa yana bukatar wajen 2,000 a yini. Ke nan sai an ɗaura masa leda 20, lita 10 na ruwa, kafin a biya masa abincin yini guda, wannan ruwa kuwa zai yi masa yawa ya cutar da shi. Saboda haka malmalar tuwo ta fi leda nesa ba kusa ba. Ƙarfin da mutum ke ji bayan ƙarin ruwa, yawanci na ruwan da ya koma jikinsa ne. Ruwa mai launin ɗorawa da wasu ke cewa ya fi ƙarfi kuwa, galibi bitamin ne aka tsiyaya a ciki ya rina shi. Garin gulukos na gwangwani da ake kai wa mara lafiya dubiya shi ma sugan nan ne, amma na sha ne kawai.

Har ila yau ba kowace leda ce gulukos ba, ko da yake duk farare ne a ido. Wanda ya zubar da jini ko mai kwalara, ruwan gishiri ko na Ringer yake bukata, domin gishiri ya rasa, kuma ruwan suga zalla ba ya zama cikin jijiya. Likita ne ke duba abin da ya fita, sa'an nan ya zaɓi abin da zai mayar.

Akwai wani babi na tarihin nan da ya shafe mu kai tsaye. A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa a cikin hanji gulukos da gishiri tare suke shiga jiki, ruwa kuma ya bi bayansu. Aka gano wannan ƙofa a buɗe take ko mutum yana da kwalara. A 1968 likitoci a birnin Dakka, cikinsu har da David Nalin da Richard Cash, suka nuna cewa ruwan gishiri da suga na sha yana rage bukatar ƙarin ruwa ƙwarai. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a garin Bangaon na Indiya, ruwan ɗaurawa ya ƙare. Wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa gishiri da suga cikin durom, 'yan'uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Wannan annoba ta kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta iso Nijeriya da Nijar ba da jimawa ba. A 1991 kaɗai ta kama fiye da mutum 59,000 a Nijeriya, fiye da 7,000 suka rasu. Masu shekaru za su tuna yadda a zamanin da marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka dage da koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da suga a rediyo da asibitoci. Yau akwai na ƙulli da ake sayarwa, shi ya fi, sai a bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa suga ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba mai gudawa kaɗan kaɗan ana kan hanyar asibiti. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarin ƙarfi, yana iya cutar da yaro.

Daga ƙarshe Malam, ga jan kunne gare mu duka. Ta zama al'ada yanzu mutum ya ɗan ji kasala sai ya ce a kira masa mai kemis ya ɗaura masa ruwa a ɗaki, wani ma in likita ya sallame shi da ƙwayoyi sai ya ce ba a duba shi ba. Ƙarin ruwa magani ne, kuma kowane magani yana da ma'auni. Mai ciwon zuciya ko ƙoda in ruwa ya yi masa yawa yakan taru a huhu ya hana shi numfashi. Mai ciwon suga in an ɗaura masa gulukos ba tare da awo ba sugansa zai hau. Ƙaramin yaro ruwan suga zalla yana iya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga. Allura mara tsabta kuma takan kai ƙwayar cuta cikin jini kai tsaye. Duk wanda ke iya sha, bakinsa ya fi masa jijiya. In kuwa likita ya ce a ɗaura, to a bari a ɗaura, kada mai jinya ya taɓa maɓallin don ruwan ya yi sauri, kuma in hannu ya kumbura ko numfashi ya canza a kira nas nan take. Ba laifi ba ne ka tambayi likita, cikin ladabi, wane irin ruwa ne aka sa wa naka kuma don me.

Da fatan Malam ya gamsu. A gai da Hajiya da jiki, Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, tare da sauran marasa lafiya na gida da na asibiti. Sai kuma mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.